Yadda zaka fara sana'ar yanka da zane da injin leza a Gombe

Tunda na kafa injin leza a shago ba a yin sati ban samu wanda zai tsaya ya leƙa ta murfin gilashin ba, yaga katako na yankuwa babu zarto babu wuƙa sai ɗan hayaƙi yana tashi, daga nan ya juyo yace oga nawa ka sayi injin nan. Wannan tambayar ita take kai mutane ƙasa. Nima da ita na fara kuma na ji a jikina, sai daga baya na gane kuɗin injin shine ƙaramin abu a cikin maganar, abin da zai cinye maka jari a garin nan zafi ne da ƙura da wuta, sai kuma rashin sanin wa zaka sayarwa. To ga yadda zan bi abin inda ace yau zan fara.

Kafin ka buɗe Alibaba ko ka kira wani dila a Legas ko Kano, ɗauki biro ka rubuta me kakeso ka yanka. Leza ba iri ɗaya bace, kuma kowane abu da irin hasken da yake sha. Wadda ake kira CO2 tsawon zangon haskenta maikuromita 10.6 ne, ido baya ganinsa, amma katako da fata da yadi da takarda da faspeks, wato akirilik, duk suna shansa su ƙone a daidai wurin da ya sauka. Ƙarfe kuwa mayar da yawancinsa yakeyi kamar madubi, shi yasa injin CO2 mai wat 80 bazai yanka maka ko marfin gwangwani yadda kakeso ba. Ta faiba zangonta wajen maikuromita 1.06 ne, kashi ɗaya cikin goma na waccan kenan, shi ƙarfe yake sha, amma ka sa mata faspeks mai garai-garai sai ta wuce ta cikinsa. Akwai ta uku, ƴar ƙaramar dayod mai shuɗin haske da ake yawan tallarta a TikTok, tana zane a katako da fata ba laifi, amma bata da sauri kuma itama bata yanka faspeks mai garai-garai, haskenta wucewa yake kamar rana ta taga. Na san wani da ya saye ta don yin lambobin yabo, yanzu tana kan durowa an rufe ta da zani.

Idan kasuwarka makarantu ce da ƴan biki da ofisoshi, CO2 zaka saya. Idan rubutu kakeso kayi a jikin filas, cokali, zobe, wuƙa, lambar janareta ko farantin ƙarfe na jikin injina, ƙaramar faiba ta zane mai wat 20 ko 30 ko 50 ta isheka, kuma ita kam bata buƙatar ruwa, fanka ce ke sanyaya ta, ga shi bata cin wuta sosai. Amma idan burinka yanka falankin ƙarfe ne na get da tagogi irin masu furanni da ake yayi a sabbin gidaje, wannan wata duniya ce daban, faiba ce mai wat 1500 zuwa 3000 ko fiye, tana son wuta mai layi uku, tana son tukwanen iskar oksijin na baƙin ƙarfe da naitirojin na sitenles, ga ɗaki babba. Dan Allah kar ka fara da ita sai in dama kai mai walda ne babba da ke da masu kawo aiki a hannu. Sauran bayanina akan CO2 zai fi yawa don ita nake aiki da ita.

Ka sani kuma abin ba sabo bane, mu ne ya iso mana a makare. Leza ta farko Theodore Maiman ne ya kunna ta a Kalifoniya a 1960 da dutsen yaƙutu, ta CO2 kuma Kumar Patel, ɗan asalin Indiya, ya ƙirƙiro ta a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka a 1964. A 1967 wani Peter Houldcroft na cibiyar binciken walda da ke kusa da Kambirij a Ingila ya gwada hura oksijin a daidai inda hasken ke sauka, sai ga shi ya yanka ƙarfe mai kaurin milimita 1. Riƙe wannan labarin don zai maka amfani a shago, haske shi kaɗai narkarwa da ƙonawa yake, iskar da ake hurawa ta bakin injin ita ke kore narkakken ta buɗe hanya. Shekaru da yawa manyan kamfanoni irin Trumpf na Jamus da IPG na Amurka ke riƙe da kasuwar, kuɗin ba na talaka bane, sai da kamfanonin Sin irin Raycus a Wuhan da Han's Laser a Shenzhen da tarin masu haɗa inji a birnin Jinan suka shigo sannan farashi ya sauko har irinmu muka iya taɓawa.

Girman inji da lamba ake faɗarsa. In kaji 6040 to gadonsa, wato inda ake ɗora abin da za a yanka, santimita 60 da 40 ne, 9060 kuma 90 da 60, 1390 shine 130 da 90. Akwai ɗan ƙarami da ake cewa K40, gadonsa bai wuce kamar 30 da 20 ba, na koyo ne da yin hatimi, zaka ƙoshi da shi cikin wata biyu. Ni shawarata 9060 mai wat 80, ko 1390 in aljihu ya yarda, saboda faspeks da filawud a falanki mai ƙafa 4 da 8 suke zuwa kuma duk sanda gadonka yayi ƙanƙanta sai ka yawaita yankawa da hannu kana asarar gefe. Wat 80 zai yanka faspeks mai milimita 3 da 5 cikin sauƙi, har 8 ko 10 in ka rage gudu, kuma zanensa yana fita siriri. Mutane suna ɗauka wat 150 yafi komai, a yanka mai kauri haka ne, amma a ƙananan rubutu sai kaga yana cin wuri.

Wajen oda ka tabbata an rubuta maka waɗannan a takarda ba a baki ba: wuta bolt 220, kar a turo maka mai 110 na Amurka, kwakwalwar injin ta zama ta kamfanin Ruida don tana aiki da RDWorks da LightBurn, manhajojin kwamfuta da ake tura wa injin aiki da su, kuma duk matsalar da ka samu akwai bidiyonta a YouTube, sunan kamfanin tiyub ɗin, Reci da EFR sune sanannu, sannan a haɗo maka madubai da lens na ajiya. Tiyub ɗin nan doguwar kwalba ce ta gilashi da hasken ke fitowa daga cikinta, ta wat 80 ta wuce mita ɗaya, kuma zata taso daga Sin ta sauka Apapa ko Tin Can sannan ta hau mota ta bi hanya har Gombe, kaga kuwa dole kuyi magana da mai sayar maka tun farko akan wa zai biya in ta iso a fashe. In kai zaka shigo da kayan da kanka akwai Form M ta banki da takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya da kuɗin kwastan da na kiliya, ka nemi lissafinsu duka kafin ka tura ko sisi. In baka taɓa shigo da kaya ba gara ka saya wurin dila a cikin gida ko da ya ɗan ɗora, da sharaɗin ya zo ya haɗa maka ya kunna a gabanka.

Yanzu ga inda nakeso ka nutsu, maganar ruwa. Tiyub ɗin CO2 yawancin wutar da take ci zafi take zama, kaɗan ne ke fita a matsayin haske, shi yasa ruwa ke zagayawa a cikinta kullum. Ruwan nan ana so ya tsaya wajen digiri 18 zuwa 22, kar ya haura 25. To kai ka san Gombe a Maris da Afrilu, ana kaiwa 40 a inuwa, shago mai rufin kwano kuma sai abin da Allah yayi. Da yawa injinan da bokiti da ɗan famfon tankin kifi suke zuwa, ni da shi na fara, ina sayen ƙanƙara ina jefawa kamar mai sayar da zoɓo, wata rana aiki ya yi yawa ana jiran lambobin yaye ɗalibai na manta ban duba ba, ruwan yayi zafi kamar na wanka, da na farga sai na zuba ƙanƙara da yawa lokaci ɗaya, ji nayi ƙas, tiyub ta tsage. Laifina ne ba na kowa ba, gilashi mai zafi ka watsa masa sanyi ai dole. Sati uku shago na rufe.

Don haka sayi cila, wato na'urar sanyaya ruwan tiyub, kuma ka lura da wacce. CW-3000 fanka ce kawai da radiyeto irin na mota, bata iya sauke ruwa ƙasa da zafin ɗakin, in ɗakinka 38 ne ruwanka bazai sauka ƙasa da 38 ba, a ƙasar sanyi tana aiki amma mu kam bata mana aiki. CW-5000 ko CW-5200 su ke da kwamfuresa irin ta firij, su zaka nema. Ruwan da zaka zuba ya zama tatacce irin wanda ake ƙarawa batirin mota, amma ka faɗa wa mai shagon marar asid kakeso don duka biyun ruwan batir ake ce musu. Kar ka sa na bohol ko na famfo, yana barin farin ƙasa-ƙasa a cikin kwalbar. Ka canza shi duk bayan wata biyu ko uku. Da damina kuma kar kace bari in sa ruwan yayi sanyi ƙalau, in yafi iskar ɗakin sanyi da yawa tiyub zata yi gumi, wutar da ke shiga cikinta kuma dubban bolt ce, ta haura dubu 20, gumi da irin wannan wutar basa zama wuri ɗaya.

Wuta. Inji da cila da fankar zuƙe hayaƙi da kwamfuresar iska in ka haɗa su zasu ci wajen kilowat 2, don haka ƴar ƙaramar janareta bazata ɗauka ba, ni bana ba da shawarar ƙasa da 5kVA, kuma ko wutar layi ce ko janareta ka sa sitabilaiza a tsakani. Ka sa a buga maka sandar tagulla a ƙasa a haɗa da jikin injin da waya mai kauri, ƙasarmu da rani bushewa take, sai ka riƙa zuba ruwa a gindin sandar. In babu wannan wayar ƙasan zaka ga injin na yin abin mamaki, kan sa ya kauce a tsakiyar aiki, ko ka taɓa jikinsa ya ɗan fizge ka. Masu sola da inbata babba sun huta da rana, ni dai har yanzu ina tarawa.

Sai ƙura, wadda da hunturu ba sai an gaya maka ba. Hasken yana fitowa daga tiyub ya bugi madubi na ɗaya, na biyu, na uku, sannan ya sauka ta lens da ke tattara shi ya zama ɗigo. Duk ƙurar da ta zauna akan ɗayansu shan zafi take, tun ana rasa ƙarfin yanka har wata rana lens ya tsage. Kullum da safe ka duba, ka goge da auduga mai tsinke da sifirit mai tsafta irin isofurofil, a hankali, sau ɗaya ka jefar da audugar, kar ka murza kamar kana wanke kofi. Ɗakin injin ya zama mai silin da ƙofa mai rufuwa, kar ka kafa shi a baranda bakin titi don mutane su gani, ka ajiye samfur a waje ya isa. Hayaƙi kuma da bututu zaka fitar da shi ta bango ko sama, ka duba ina yake fita, kar ya zama tagar maƙwabci ko wurin mai shayi.

Ranar da aka haɗa inji abu biyu zaka koya kafin ka karɓi aikin kowa. Na farko saita madubai: ka manna salatif na takarda a gaban madubi na biyu, ka danna maɓallin harbi sau ɗaya a ƙaramin ƙarfi, ka tura kan zuwa can nesa ka sake harbawa, in tabon biyu basu hau kan juna ba ka juya ƴan sukurorin bayan madubi na ɗaya kaɗan-kaɗan har su haɗu, haka zaka bi na gaba, kusurwa huɗu na gadon duka. In kaga injin na yanka tsaf a hagu amma a dama baya ratsawa, kusan kullum wannan ne. Na biyu fokas, wato tazarar da hasken ke tattaruwa ya zama ɗigo a kan abin da kake yankawa. Yawanci lens mai inci 2 ake sawa, milimita 50.8 kenan, kuma ɗan tazara kaɗan ya isa ya ɓata yanka. Ka jingina guntun katako ya karkata, ka ja layi ɗaya a kansa, inda layin yafi siranta nan ne daidai, auna tazarar daga bakin inji ka yanka ɗan faspeks mai wannan tsawon ka rataye shi a jiki ya zama ma'auninka.

Gudu da ƙarfi kuwa kar ka kwafi na wani a intanet ka zauna, filawud ɗin Babbar Kasuwa daban da na Turai, har a falanki ɗaya ma gam ɗin ciki wani wurin yafi yawa. LightBurn na da wurin gwajin kaya da zai zana maka ƙananan murabba'ai kowanne da gudunsa da ƙarfinsa, kayi wa kowane irin kaya nasa ka rataye a bango. Kuma kar ka riƙa kai ƙarfi 100, tiyub tsufa take da wuri, ka sa mitar miliamfiya mai auna wutar da tiyub ke ja ka tsaya ƙasa da iyakar da kamfaninta ya rubuta. Faspeks iri biyu ne, wanda aka zuba a mazubi zanensa fari tas yake fita kamar ƙanƙara, wanda aka matso ta inji kuma zanensa baya fitowa sosai amma yafi araha, na farkon zaka yi lambar yabo da shi. Ka zana ta baya da rubutun a juye, ta gaba sai ya fito sumul.

Akwai abin da ko nawa aka baka kar ka sa a injin, PVC. Banar fileks, ledar tsakar ɗaki, bututun ruwa, da yawancin fatar roba ta kujera da jaka duk shi ne. In ya ƙone iskar da yake fitarwa mai kulorin ce, tana cin huhu, tana haɗuwa da danshi ta zama asid ta sa duk ƙarfen injin yayi tsatsa. In kana shakka ka ɗauki wayar tagulla ka gasa a wuta, ka taɓa jikin abin ya ɗan narke a kanta, ka mayar cikin harshen wutar a waje inda iska ke kaɗawa, in ya koma kore to akwai kulorin, mayar wa mai shi. Wani Alhaji ya taɓa kawo min fatar roba yace in yanka masa furannin kujera, nace Alhaji kayi haƙuri wannan bana sa ta, yace yaro kuɗi ne fa zan baka ba roƙo nazo ba, nace ranka ya daɗe na sani, amma in na yanka maka yau wata mai zuwa babu injin da zan maka wani aikin. Ya tafi ransa a ɓace, bayan Sallah ya dawo da aikin katin auren ƴarsa.

Fatar gaske kuwa, a nan muke da sa'ar da ba kowa ya lura ba. Fatar da majemanmu suke jima da bagaruwa ita tafi dacewa da leza, zanen yana fita ruwan ƙasa mai duhu gwanin kyau, ita kuwa ta kamfani da aka jeme da sinadarin kurom hayaƙinta ba lafiya bane. Na kai wa wani dattijo baduku samfur, ya juya shi ya sake juyawa yace ɗana wannan ai ba hannu bane, nace Baba inji ne amma ɗinki da haɗi sai ku, yanzu ni nake masa zanen fuskar takalma da jaka shi yana ɗinkawa. Ƙwarya ma tana zanuwa sai dai da yake a lanƙwashe take fokas na gudu, ƙaramin zane a tsakiya kawai zaka iya.

Kar ka taɓa barin injin yana yanka ka fita, ko sallah zakayi danna tsayawa tukuna. Faspeks da katako suna kamawa da wuta cikin daƙiƙa, musamman in iskar bakin inji ta tsaya. Ajiye tukunyar kashe gobara mai iskar CO2 kusa da ƙofa, mai garin hoda ɓata madubai take. Murfi a rufe ko yaushe. Mai faiba kuma ya sayi tabarau na zangon nanomita 1064, wato maikuromita 1.06 ɗin nan, takamaimai, don haskenta yana ratsa ido har can ciki ba tare da ka ganshi ba, baƙin gilashin walda ko na rana ba maganinsa bane.

Kasuwa kam tana nan amma sai ka taka. Yi samfur goma masu kyau ka sa a jaka ka zaga makarantun kuɗi da Islamiyoyi kafin lokacin yaye da walimar sauka, ƙungiyoyin ɗalibai na Jami'ar Jihar Gombe da ta Kashere da FCE, masu kek da ke son rubutun saman kek, masu dekoreshon na biki, teloli masu son a yanka musu furen leshi, masu firintin da basu da inji su karɓo aiki su kawo maka. Waɗannan na ƙarshen sune abokan arziki don basa yankewa. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC ka buɗe asusu da sunan, ofis ba zai tura kuɗi asusunka na kanka ba. Kuma ka iya CorelDRAW da hannunka, in sai ka jira wani ya maka dizayin rabin ribar tashi ce. In aikin allon sauka ne ko wani abu mai ayar Alƙur'ani ka sa malamin ya duba rubutun a kwamfuta harafi-harafi kafin ka danna, Larabci yakan wargaje in aka ɗauko shi daga wata manhaja zuwa wata, wanda ya lalace kuma ka ware masa kwali daban kar ya shiga shara.

Farashi da minti ake yinsa. Manhajar tana nuna maka minti nawa aiki zai ci tun kafin ka fara, sai ka lissafa abin da minti ɗaya ke ci maka, mai, haya, yaron shago, da kason tiyub, don ita kamar tayar mota take, ƙarewa take ko ka lallaɓa ta, sannan ka ɗora kuɗin kaya da na dizayin da ribarka. Kason tiyub ɗin nan ka riƙa cire shi kullum kana ajiyewa daban. Zane yafi yanka cin lokaci nesa ba kusa ba saboda layi-layi kan yake bi, hoto ɗaya mai faɗin tafin hannu zai iya cin abin da yanka harafi ashirin bai ci ba, kar ka faɗi kuɗi da ka sai ka duba. Ka karɓi kafin alƙalami aƙalla kuɗin kaya, kuma ka tura wa mai aiki hoton dizayin a WhatsApp ya rubuto maka ya yarda, don sunan da aka ƙona a katako baya gogewa, kuma Muhammad da Mohammed da Muhammadu duk na taɓa biyan kuɗinsu daga aljihuna.